Darasin LambdaMOO: Me ya sa wasan rubutu ke buƙatar takardar manufa?

Tun kafin wasanni masu hotuna su cika wayoyi, akwai wasannin da babu komai a cikinsu sai rubutu. Ɗan wasa zai rubuta "tafi arewa" ko "ɗauki takobi", kwamfuta ta bayyana masa abin da ya faru, yayin da wasu ke cikin wasan tare da shi daga garuruwa daban-daban.

Ana kiran irin wannan wasa MUD. Roy Trubshaw ne ya fara na farko a 1978 a Jami'ar Essex da ke Ingila, sannan Richard Bartle ya ci gaba da aikin. Har yau ana gina sababbi, akasari da hannun 'yan sa-kai.

Masu irin wannan aiki kan fara da gajeriyar takardar manufa, wadda ke fayyace wa aka gina wa wasan, wa ke da iko a cikinsa, da yadda za a yi da batun kuɗi.

Tambayar farko ba ƙarama ba ce. A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman ɗaukaka, masu son bincike, masu son hira, da masu son fin ƙarfin wasu. Idan aka bar masu kai hari suka yi yawa, masu hira kan watse. Dole takardar ta faɗi ɓangaren da za a fifita.

Batun iko kuwa, LambdaMOO ya zama izina. Pavel Curtis ya kafa shi a 1990 a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka. A ƙarshen 1992 ya sanar cewa masu kula da wasan sun tsame hannunsu daga rikicin 'yan wasa.

Ba a daɗe ba, a 1993, wani ɗan wasa ya ci zarafin wasu ta hanyar rubuta ayyukan batsa da sunansu. Aka rasa mai hurumin yanke hukunci. Bayan doguwar muhawara, ɗaya daga cikin masu kula ya goge shi bisa raɗin kansa.

Daga nan aka ɓullo da tsarin ƙorafi da ƙuri'a, amma a 1996 masu kula suka dawo da ikonsu na tsoma baki.

Kuɗi ma na raba kan abokan aiki. A da, lasisin DikuMUD, wanda ɗalibai suka rubuta a Jami'ar Kofanhegan, ya haramta cin riba da shi. Achaea kuwa, wanda aka buɗe a 1997, ya dogara da sayar wa 'yan wasa kayan cikin wasa.

Amfanin takardar kan fito ne ranar da aka samu saɓani. Idan wani ya kawo shawarar da ta saɓa wa manufa, akwai rubutun da za a koma gare shi, maimakon mai ƙarfin murya ya yi rinjaye.