Makoko, Ƙauyen da ke Kan Ruwa

'Yan cin ranin Toranke da ke zuwa Ikko sun san babbar gada ta uku. Daga kanta ana hango wani ƙauye a cikin ruwa. Sunansa Makoko.

Masunta ne suka kafa shi fiye da shekara 100 da suka wuce. Da yawansu ƙabilar Egun ne daga Badagiri da ƙasar Benin. Sannu a hankali birni ya faɗaɗa har ya cim musu.

Gidajensu na katako ne bisa dirkoki. Ko gidan maƙwabci za ka, sai da kwalekwale. Maza su kamo kifi, mata su yi banda su sayar. Mai unguwarsu ana ce masa Baale.

A 2012 gwamnatin jihar Legas ta ba su wa'adin kwana 3, sannan ta rushe gidaje masu yawa. Iyalai suka koma kwana cikin kwalekwale.

Jama'a, birni ba ya daina cin ƙauye. Mu nemi takardar filayenmu tun da wuri. Mu kuma dage da karatu, don mu san abin da ke cikinta.