Kasuwar Afirka ba haraji: mene ne rabon mai kaji 200 a Katsina?

Tambaya ta yi yawa a kan yarjejeniyar cinikin Afirka, wato AfCFTA. Wasu ma har sun fara lissafin ƙara keji, wai za a riƙa kai ƙwai Maraɗi ba haraji. To a tsaya tukuna.

An ƙulla yarjejeniyar a Kigali a 2018, marigayi Buhari ya sa hannu a Yamai a Yulin 2019, aka buɗe ciniki ranar 1 ga Janairun 2021. Manufarta a rage harajin kwastan sannu a hankali a kan kayan da aka noma ko aka sarrafa a cikin Afirka. A nan maganar take. Daskararriyar kazar da ta taso daga Burazil ta sauka Kwatano ba kayan Afirka ba ce, ko an sake mata kwali. Don haka masu fargabar za a cika kasuwar Katsina da kajin firiza, takarda dai ba ta ba su hanya ba. Fasa-ƙwauri ne matsalar, shi kuwa ya girmi yarjejeniyar.

Amma takarda daban, boda daban. Wata guda bayan sa hannun nan Najeriya ta rufe iyakokinta, sai Disambar 2020 aka fara buɗewa. An sake rufe Jibiya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan Nijar ɗin ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk wanda ya ci bashi don kasuwar tsallake, kiret ɗin ƙwai ba ya jiran a sasanta.

Ni a ganina, ƙaramin makiyayi ya fi sa ido a kan masara da waken suya. Su ne ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo. In hanya ta buɗe hatsi ya yi arewa, buhun abinci ne zai fara gaya maka.

Masu tarwaɗa kam suna da dama. Kifin banda yana jure hanya da jira a Magama, ba kamar ɗanye ba. Sai dai ana son busarwa mai kyau, leda mai tsafta, rajistar NAFDAC da takardar shaidar asalin kaya. Mutum ɗaya mai tafki biyu ba zai iya wannan ɗawainiya ba, amma mutum goma in sun haɗa ƙungiya da murhun banda ɗaya za su iya cika mota.