Samun Sukolashif Daban, Riƙe Shi Daban: Jan Hankali Ga Ɗaliban Ƙanƙara Da Faskari Da Sabuwa

Daga Wakilinmu

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda yawancin magidanta manoman masara da dawa da auduga ne, ranar da aka ce yaro ya sami sukolashif na karatun jami'a rana ce ta murna ga gida duka. Amma abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wannan taimako ba kyauta ba ce da ake bayarwa sau ɗaya a rufe littafi. Yawancin masu bayar da shi shekara-shekara suke sabunta shi, kuma duk shekarar da ɗalibi ya kasa cika sharuɗɗa, to, sunansa yana iya fita daga jerin waɗanda za a biya.

Sharaɗi na farko shi ne ƙoƙari a aji. Yawancin jami'o'inmu suna auna ɗalibi da ma'auni mai hawa 5. Wanda ya ci maki 70 zuwa sama a kwas ya sami 5, mai 60 zuwa 69 ya sami 4, mai 50 zuwa 59 ya sami 3, wanda ya faɗi kuwa ba shi da ko ɗaya. Daga nan sai a haɗa dukan kwasa-kwasan da ya yi tun shigarsa jami'a a fitar da matsakaici. Hukumar sukolashif ta Gwamnatin Tarayya tana neman matsakaicin 4.0 daga mai neman taimakonta na karatu a cikin gida. Gidauniyar kamfanin MTN kuma tana neman 3.5 daga ɗaliban kimiyya da fasaha, kuma ta shar'anta kada ɗalibi ya sauko ƙasa da haka muddin yana son a ci gaba da biyansa.

Lissafin kuwa ba ya da tausayi. Alal misali, a ce ɗalibi ya ɗauki kwas 6 masu nauyi ɗaya a zangon karatu, ya ci maki sittin da wani abu a kowanne. Matsakaicinsa 4.0 ke nan. To, in ya faɗi guda ɗaya tak, sauran biyar suna nan yadda suke, sai ya sauko zuwa 3.33, watau ya faɗo ƙasa da sharaɗin hukumomin nan biyu. Bugu da ƙari, a jami'o'i da dama ko ya sake kwas ɗin ya ci, faɗuwar farko tana nan cikin lissafi. Don haka shekarar farko, wadda sababbin ɗalibai kan ɗauka ta buɗe ido ce, ita ce harsashin da sauran shekarun za su hau kai.

Sharaɗi na biyu shi ne takardu. Hukumar sukolashif ta Jihar Katsina, kamar takwarorinta, sai ta tabbatar mai nema ɗan jihar ne kuma yana karatu da gaske. Saboda haka ɗalibi ya tanadi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa, da takardar samun gurbin karatu, da rasidin rajistar shekarar, da katin shaidar makaranta, da asusun banki mai sunansa. Wajibi ne sunan da ke kan takardun nan ya zama iri ɗaya, domin wanda yake Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, yana iya ɓata makonni wajen gyara alhali ranar rufewa tana matsowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne ɗaliban waɗannan ƙananan hukumomi uku suke da wahalar da ta fi ta sauran. Ba a manta da ranar 11 ga Disamba, 1 ga watan da ya ƙare shekarar 2020 da kwana goma ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka yi watanni a haka. Ga shi kuwa cika fom ya koma ta intanet. Ɗalibin da hutu ya same shi a ƙauye a irin wannan hali, sanarwa takan fita ta rufe bai ji ba. Uban da aka hana shi zuwa gona kuma ba shi da abin da zai cike giɓi idan kuɗin sukolashif ya tsaya.

Har ila yau akwai yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya ci wata 9 a 2020, ya kuma ci wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Irin wannan yakan jinkirta fitowar sakamakon jarrabawa, kuma ba a sabunta taimako sai da sakamako. Ɗalibin da ya ga haka ya nemi wasiƙa daga shugaban sashensa, ya aika wa masu biyansa tun da wuri, kada ya yi shiru a ɗauka ya bar karatu.

Tun daga 2024 gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, watau NELFUND. Yana da amfani ga wanda ya matsu, amma a sani bashi ne, ana fara biyansa shekara 2 bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Sukolashif kuwa ba a mayar da ko kwabo, ladansa kawai ƙoƙari ne.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, su riƙa zaunar da sababbin zuwa suna koya musu lissafin maki tun makon farko. Majalisun ƙananan hukumomi su ma su riƙa kai sanarwar sabuntawa ga hakimai da dagatai da masallatan Juma'a, domin ta isa inda waya ba ta kai ba. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu, bayan an tambaye shi lafiyar hanya, a tambaye shi matsakaicin makinsa.