Faɗan Sanda Na Mutanen Ailan

Ƙasar Ailan tsibiri ce a yamma da Ingila. Mutanenta suna da wani irin faɗan sanda da suka gada kaka da kakanni, wanda a harshensu a kan kira bataireacht, daga kalmar bata, watau sanda. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarinsa, don akwai abin lura a ciki.

Sandar nan tsawonta wajen yadi guda, da ƙullu a kai kamar gora. A kan sare ta daga itacen ok, ko kuwa daga wata bishiya mai ƙaya, a shafe ta da man shanu, a rataye ta inda hayaƙin murhu ke fita, har ta bushe ta yi tauri. Ba a kama ta a gindi. A kan riƙe ta sama kaɗan, yadda guntun ƙasa zai kare hannu har gwiwa, na sama kuma ya kai duka. Uba shi ke koya wa ɗansa, kowane gida da salonsa.

Cikin 1695 aka kafa dokar da ta hana 'yan Katolika na Ailan riƙe makamai. Sanda kuwa abin dogarawa ce, ba mai hana talaka ita. Sai dai abin kare kai ya koma abin ɓarna. Dangi da dangi suka riƙa haɗuwa a kasuwanni da wuraren biki, su yi ta gwabzawa saboda tsohuwar gaba. Ran 24 ga Yuni, 1834, a bakin gaɓar Ballyeagh cikin lardin Kerry, ƙungiyoyi biyu suka kara. Mutane da yawa suka rasu, waɗansu a kogin Cashen, sa'ad da jirgin da suka shiga za su tsere ya kife.

Limaman coci da shugaba Daniel O'Connell suka tsawata, hukuma kuma ta ƙarfafa 'yan sanda cikin 1836. Sa'an nan babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wajen miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. Cikin 1855 aka rufe kasuwar Donnybrook ta Dublin, wadda ta yi suna wajen faɗa. Samari suka koma wasan ƙwallon sanda, musamman bayan kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA cikin 1884.

Da kyar sanin ya tsira. Gidan Doyle, waɗanda kakanninsu suka koma Newfoundland ta Kanada, suna cikin waɗanda suka riƙe shi, har aka farfaɗo da shi, ana koyar da shi da malami da ƙa'ida, ba zub da jini.

To, abin da muka gani shi ne, gabar ce abin ƙi, gwanintar kuwa gado ce. Mutanen Ailan sun tashi kashe ɗaya, saura kaɗan su binne duka biyu. Malamin da ya iya raba su ya yi wa na baya babban aiki.