Kafin A Sauke Giyar Mota, A Fara Duba Mai

Ma'aikata da dama sun yi asarar albashin wata guda a gareji saboda motarsu mai giyar otomatik tana fizga wajen canjin giya, alhali sau da yawa laifin na man giya ne.

Dubawar ba ta bukatar bakanike. Bayan injin ya yi zafi, a tsayar da motar a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a sa giya a P. A yawancin motoci ana zaro gejin man giya ne injin yana aiki. Honda kuwa sai an kashe shi. A goge gejin da farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kulocin ciki sun fara cinyewa, aikin ya fi ƙarfin gida.

In man ya gaza ne, a ƙara kaɗan-kaɗan, domin idan ya wuce kima kumfa yake yi. Lallai kuma a bi littafin motar: Toyota mai neman WS ba ta jituwa da tsohon Dexron, ko da mai kanti ya rantse duk ɗaya ne. Wasu sababbin motoci ba su da gejin sam, su kam sai gareji.