Kilo 500 a Goshin Tarakta: A Cire Loda Ko a Bar Ta Lokacin Sassabe?

A Amurka da Turai, ƙananan taraktoci da dama da kamfanoni irin su Kubota, John Deere da Massey Ferguson ke sayarwa suna zuwa ne da loda a gaba, wato hannuwan ƙarfe biyu da bokitin kwasar ƙasa, taki ko tsakuwa. Da zarar lokacin share saura ya zo, aka ɗaura injin sassabe a baya, sai masu taraktocin su rabu gida biyu. Wasu su ce a cire lodar, domin nauyi ne kawai da ke jijjiga mota yana cin ƙafafun gaba. Wasu su ce a bar ta, ita ke danne goshin tarakta, kuma ita ke fara cin karo da kututture kafin ya kai ga inji. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma sikeli da ma'auni ne za su nuna wadda ta fi nauyi.

Za mu yi aiki da tarakta ta misali, mai jan ƙafa huɗu, wadda muka zaɓa wa alƙaluma masu sauƙin lissafi. Ba na wani kamfani ba ne. Kowa ya duba littafin motarsa ya sa nasa a gurbinsu.

- Nauyin tarakta: kilo 2,000 (800 a tayoyin gaba, 1,200 a na baya)
- Tazarar tayoyin gaba da na baya: mita 2
- Tazarar tayar dama da ta hagu: mita 1.5
- Loda: kilo 500 (hannuwa 350, nauyinsu na sauka daidai kan tayoyin gaba, bokiti 150, yana mita 1.4 gaba da su)
- Injin sassabe: kilo 400, faɗinsa mita 1.5, tsakiyar nauyinsa na mita 1.5 bayan tayoyin baya

Kilo 605: abin da ƙafafun gaba ke ɗauka

Loda mai kilo 500 ba kilo 500 take ɗora wa tayoyin gaba ba. Hannuwan na ba su 350 ɗinsu cif. Shi kuwa bokiti, da yake ya zarce gaba, yana danna su da kilo 255, domin yana ɗaga kilo 105 daga tayoyin baya ya mayar gaba. Jimilla 605 ke nan. Tayoyin gaba sun tashi daga kilo 800 zuwa 1,405, ƙarin kashi 76 cikin 100, na baya kuma sun sauka zuwa 1,095.

A kan shimfiɗaɗɗen fili wannan ba abin damuwa ba ne, an ƙera motar ta ɗauki fiye da haka. Matsalar tana cikin maimaituwa. A gonar da ke da tsofaffin kunyoyi, ramukan ɓera da sawun shanu da suka bushe, kowace faɗuwar taya bugu ce, kuma yinin sassabe bugu dubbai ne. Waɗanda ke shanye shi su ne boris na ƙafafun gaba, ƙarafunan sitiyari, fil-fil na hannuwan loda da ƙusoshin da suka ɗaure ta a jikin mota. Bayan su sai ƙugun direba. Ga kuma raguwar nauyi a tayoyin baya, waɗanda su ne ke riƙe da birki a yawancin taraktoci irin waɗannan. A gangare, wannan kilo 105 da aka rasa yana da muhimmanci.

Kashi 20 cikin 100: hujjar masu cewa a bar ta

Ƙa'idar da ke cikin littattafan kamfanoni da yawa ita ce kada nauyin da ke kan tayoyin sitiyari ya gaza kashi 20 cikin 100 na jimillar nauyi. Ƙasa da haka, sitiyari zai yi sakayau, a murza shi mota ta ƙi bi, a hawan tudu kuma goshi ya nemi tashi.

Idan aka ɗaga injin sassabenmu sama, kamar a wurin juyawa ko a kan hanya, yana cire kilo 300 daga gaba. Ga yadda rabon ke kasancewa:

- Babu loda, babu komai a gaba: kilo 500 cikin 2,400, kashi 21
- Babu loda, an rataya ƙarafunan nauyi kilo 100 a goshi, rabin mita gaba da tayoyi: kilo 625 cikin 2,500, kashi 25
- An cire bokiti, an bar hannuwa: kilo 850 cikin 2,750, kashi 31
- Loda cikakkiya: kilo 1,105 cikin 2,900, kashi 38

Layin farko na nuna cewa masu tsoron cire loda ba su yi ƙarya ba: kashi 21 bakin iyaka ne. Da injin ya kai kilo 500, rabon zai faɗi zuwa kashi 17, an shiga haɗari ke nan. Amma layi na biyu ne ya warware gardamar. Ƙarfe kilo 100 da aka rataya a goshi ya biya buƙatar da ake ɗaukar kilo 500 dominta, kuma ba ya lilo, ba ya tare ganin direba, ba ya ƙara wa mota tsawo.

Wannan lissafi ya fi shafar taraktoci masu jan ƙafa biyu, irin su Massey Ferguson 375 da ta cika gonakin arewacin Najeriya. Goshinsu dama bai kai na masu ƙafa huɗu nauyi ba, don haka ko akwai loda ko babu, wanda zai ɗaura musu babban injin sassabe ya fara tanadar nauyin gaba.

Daga santimita 45 zuwa 33: tsayuwar mota a gefe

Ido na ganin tayoyi huɗu, amma tarakta zaman tukunya take yi a kan duwatsun murhu uku: tayoyin baya biyu, da fil guda a tsakiyar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, wanda ke bari ƙarfen ya karkata dama ko hagu. Har sai ƙarfen ya kai iyakar karkatarsa, waɗannan wurare uku ne ke tsare motar. Filin da ke tsakaninsu yana da faɗi a baya, yana tsukewa zuwa gaba.

Saboda haka duk abin da ya tura cibiyar nauyi gaba ya tura ta inda filin ya matse. A motarmu, ba loda, cibiyar nauyi tana da sararin kusan santimita 45 a kowane gefe. Da loda, sararin ya koma santimita 33. An rasa fiye da rubu'i, alhali bokitin ko tsinke bai ɗauka ba.

Tsayi kuma na ƙara nasa. A ce cibiyar nauyin motar na santimita 75 daga ƙasa. Loda a sauke tana ɗaga ta zuwa 78 kawai. Idan direba ya ɗaga bokiti daidai murfin inji, ta kai 88. Idan ya kai shi can ƙoli don ya ga gabansa ko ya tsallake shinge, ta kai santimita 100. A lissafin takarda, da tayoyi huɗu duka a ƙasa, kusurwar kifewa na sauka daga digiri 45 zuwa 44, zuwa 40, zuwa 37. Daga nan za a gane cewa dabarar ɗaga bokiti sama don kada ya tare hanya ita ce mafi muni cikin duk zaɓin da ake da su.

Digiri 8: abin da rami ɗaya ke ƙarawa

Digiri 37 ko 45 alƙaluma ne na motar da ke tsaye cik a kan ƙasa mai tauri. A gona tarakta na kifewa tun ba ta kai kusa da su ba. Idan tayar baya ta faɗa rami mai zurfin santimita 20, motar da faɗinta ya kai mita 1.5 ta karkata da kusan digiri 8 nan take. Idan a daidai lokacin ɗaya tayar ta hau gindin suri mai irin wannan tsayi, karkatar ta kai digiri 15. Mai sassabe a gefen tudu mai digiri 15 ya tsinci kansa a 30 cikin ƙiftawar ido, ga lilon loda na ingiza shi.

Gudu kuwa ba ya ƙara haɗari daidai wa daida. Ƙarfin da ke fizgar mota waje a kwana yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Masana tsaron gona a Amurka na ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na kifewar tarakta ta gefe ce. Sauran ta baya ce, wadda ke iya wuce matakin da za a dawo da ita cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa. Loda na rage yiwuwar ta baya, tana ƙara ta gefe, kuma ta gefen ce ta fi yawa.

Santimita 25: farashin lalube da bokiti

Hujja mafi ƙarfi ta barin loda ita ce lalube. A saurar da ciyawa ta kai kafaɗa, bokitin da aka sauke kusa da ƙasa zai taɓa kututture, dutse ko tsohon ƙarfe kafin wuƙaƙe su kai gare shi. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sandar da ke juya injin tana zagaye 540 a minti, wato 9 a daƙiƙa, bakin wuƙa kuma na gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Dutsen da ya shiga ƙarƙashi zai iya karya wuƙa, ya lalata giya, ko ya fito kamar an harbo shi. Bokitin kuma na kwantar da dogayen tsiro kafin su huda lagireto.

Sai dai laluben na da sharaɗi. Idan bakin bokiti ya caki kututture motar na tafiyar kilomita 8 a awa, bugun daidai yake da a ɗaga ta duka, kilo 2,900, a sake ta daga tsayin santimita 25. A kilomita 4 a awa, santimita 6 ne kawai. Don haka wanda zai yi lalube ya riƙe giya ƙarama, bokiti ya zauna kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, a lanƙwasa bakinsa sama domin ya zame kan abu maimakon ya soke shi. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a tuna loda ta ƙara wa mota tsawon kusan mita guda. Direban da hankalinsa ke baya wurin inji yakan mance da goshi, har bokiti ya kwashi shinge ko bishiya a wurin juyawa.

Doki ɗaya, da awa 11

Ana yawan cewa cire loda na rage shan mai. Haka ne, amma kaɗan. Idan muka ɗauka turjiyar ƙasa kashi 8 cikin 100 ce na nauyi, jan ƙarin kilo 500 a gudun kilomita 5 a awa bai cika ƙarfin doki ɗaya ba, alhali injin sassabe mai faɗin mita 1.5 na neman kusan doki 25 a ciyawa mai kauri. Ba a nan ribar take ba.

Ribar tana cikin lokaci. A kilomita 5 a awa, injin na share hekta 0.75 a awa, a cire kashi ɗaya cikin biyar na juyawa da maimaici, saura 0.6. Idan jijjigar loda ta tilasta a koma kilomita 3, abin ya zama 0.36. A hekta 10, awa 17 ke nan maimakon awa 28. Wannan tazara ta awa 11 ita ce mai, ladan direba da kwanakin haya. Cire lodar zamani kuwa aikin mintoci ne: a sami ƙasa mai tauri a miƙe, a sauke ƙafafun jingina, a bar bokitin a jikinta don shi ke tallafe ta, a kashe inji a saki matsin mai kafin a zare bututu. A ajiye ta a inuwa, domin rana na ɗumama man da ke cikin bututun, ya matse har mahaɗin ya ƙi shiga ranar mayarwa.

Kashi 99 cikin 100: abin da ba a cirewa

Duk wannan lissafi rage yiwuwar kifewa yake yi, ba ya kawar da ita. Abin da ke ceton rai idan ta auku shi ne ƙarfen kariya da ke bisa kan direba, tare da bel ɗin kujera. Cibiyar NIOSH ta Amurka ta ƙiyasta cewa su biyun a haɗe na hana mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin 100. Suwidin ta wajabta ƙarfen a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mace-macen kifewa sun ragu a can da fiye da kashi 90 cikin 100. A Amurka, hukumar OSHA ta wajabta shi a kan taraktocin da suka haura doki 20 da aka ƙera bayan 25 ga Oktoba, 1976, idan ma'aikaci ne zai tuƙa. Wanda nasa mai naɗewa ne ya miƙe shi kafin ya shiga gona. Wanda aka cire wa nasa a gareji ya mayar da shi tun kafin ya fara tunanin loda.

Abin da alƙaluman suka yanke

Loda na yin aiki biyu a wurin sassabe: danne goshi da lalube. Na farkon, ƙarfe kilo 100 ya ishe shi. Na biyun, a gonar da aka sani, zagaye da ƙafa da kafa alama a kan kututture da rami sun fi bokiti tabbas. Saboda haka a filin da aka saba da shi, ko mai gangare, ko mai bishiyoyi da kwanoni, ko wanda zai ci yini guda, a cire loda gaba ɗaya, a rataya nauyi har rabon gaba ya haura kashi 20 da inji a ɗage. Idan cirewar na da wuya, a cire bokiti kaɗai, a sauke hannuwan ƙasa-ƙasa, a kula kada su soki wani abu. Hakan ya rage wa tayoyin gaba kilo 255, ya mayar wa na baya 105. A bar loda cikakkiya ne kawai a zagayen farko na baƙon fili shimfiɗaɗɗe mai doguwar ciyawa, bokiti a ƙasa, gudu bai wuce kilomita 4 ba.

Mai tarakta da ke son nasa alƙaluman ya kai ta sikelin auna motoci da inji a ɗage, ya hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan ya hau da ita duka. Ya raba na farko da na biyu, ya rubuta amsar a jikin littafin motar domin duk direban da zai karɓi makulli ya gani.