Me Ya Sa Shafina Ya Ƙi Buɗuwa? Bayani Kan Ɗan Aiken Intanet

A wannan fitowa mun ɗauko wata matsala da ke sa masu koyon haɗa shafin intanet su karaya tun ba a je ko'ina ba.

Yawancinmu a Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi ba mu da kwamfuta tamu ta kanmu, sai dai waya ko ta aro. Shi ya sa wasu ke amfani da GitHub Codespaces. GitHub kamfani ne da aka kafa a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018. Abin da Codespaces ke yi shi ne ya ara maka kwamfuta da ke can wata cibiyar ajiyar bayanai mai nisa, kai kuma kana juya ta daga burauzar wayarka. Sai wanda ya kai shekara 13 ake yarda ya buɗe asusu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ka rubuta shafinka, ka buga umarnin python -m http.server, sai manhajar ta nuna tana aiki a ƙofa ta 8000. Ka buɗe sabon shafi a waya ka rubuta localhost:8000, shiru, ba abin da ya fito. Laifin ba na aikinka ba ne. Kalmar localhost, wadda lambarta ita ce 127.0.0.1, ma'anarta "wannan na'urar da nake riƙe da ita". Tamkar kalmar "gidanmu" ce: in ɗan Gaya ya faɗe ta Gaya yake nufi, in ɗan Wudil ya faɗa Wudil yake nufi. Saboda haka wayarka cikin kanta ta leƙa, alhali shafin yana can a kwamfutar da aka ara maka.

Ita kuwa "ƙofa" lamba ce kawai da ke bambanta manhajojin da ke aiki a kwamfuta ɗaya. Lambobin suna kamawa daga 0 zuwa 65535. Shafukan da muka saba ziyarta suna bi ta 80 ko 443, shi ya sa ba ma rubuta su.

Maganin shi ne ɗan aike, wanda masana ke kira furoksi. Kowa ya san baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, a turo yaro ya karɓi saƙo ya shiga da shi, ya dawo da amsa. Haka Codespaces ke yi. Da zarar ya ga manhaja ta buɗe ƙofa, sai ya ba ta adireshi na waje mai ɗauke da sunan wurin aikinka da lambar ƙofar, yana ƙarewa da app.github.dev. Za ka same shi a sashen da aka rubuta PORTS. Buƙatarka za ta tashi daga waya zuwa wannan adireshi, ɗan aiken ya miƙa ta ga ƙofa ta 8000, sannan ya dawo maka da shafin.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan a cikin shafin ka rubuta cewa a ɗauko hoto daga localhost, shafin zai buɗe amma hoton ba zai fito ba, domin burauzar da ke neman hoton tana kan wayarka. Rubuta sunan fayil ɗin kawai, kamar hoto.jpg, ya wadatar.

Abin da ya fi damunmu shi ne batun wanda zai iya shiga. A farko ƙofar a kulle take, kai kaɗai ke iya buɗe adireshin bayan ka shiga asusunka. In kana son malami ko aboki ya gani, sai ka mayar da ita ta kowa da kowa. Daga nan duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa, ko ta WhatsApp aka tura masa, zai shiga ba tare da kalmar sirri ba. Umarnin Python da muka ambata kuwa yakan jera duk fayilolin da ke babban fayil ɗin in babu shafin farko mai suna index.html. A ganinmu bai dace a gwada aiki da sunayen ɗalibai na gaskiya, lambobin wayar iyaye ko sakamakon jarrabawa ba. A ƙirƙiri na bogi, in an gama nunawa a sake kulle ƙofar.

Sai batun lokaci. Asusun kyauta yana samun awa 60 a wata a kan ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu. Rufe burauza ba ya kashe ta nan take. Takan jira minti 30 ba a taɓa ta ba kafin ta tsaya, kuma ana cire wannan daga rabonka. Da ta tsaya adireshin ma ya daina aiki, don haka wanda zai nuna aikinsa a aji ya kunna ta tun kafin malam ya shigo.